Na Mayar wa Inna Taɓaryarta

Ni ce na ƙwace taɓarya daga hannun mahaifiyata, kuma a lokacin har alfahari nake yi da hakan. Kwananta uku a gidana a Kazaure, na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da ita a tsakar gida, ta jawo turmi tana surfen gero. Ko jaka ban ajiye ba na kama taɓaryar.

"Haba Inna! Ga inji nan a bakin layi. Me mutane za su ce?"

Ta dubi geron, ta dube ni. "Su ce ana daka a gidan Malama," in ji ta. Haka take kirana tun da na fara koyarwa, girmamawa ce ko tsokana, ita ta sani. Amma ta sakar mini. Na mirgina turmin zuwa ɗakin ajiya, na tura shi bayan buhunan gawayi, na jingina taɓaryar a kusurwa, na fito ina jin na yi aikin lada.

Daga ƙauyenmu na ƙasar Roni muka ɗauko ta, bayan ta fita takabar mahaifinmu. Ni da Yaya muka yanke shawarar. Shi ne babbanmu, yana aikin ƙaramar hukuma a Ɓaɓura, kuma in ya faɗi magana ba ya son a bi ta da tambaya. Ita Inna ba mu wani nemi ra'ayinta ba. Ƙauyen namu a kan tudu yake, tsakanin duwatsu. Mota ba ta hawa. A gindin wata tsamiya take tsayawa, daga nan sai ƙafa, wata siririyar hanya mai tsakuwa da ke lanƙwasa tana hawa har ƙofar gidanmu. A kan hanyar nan Inna ta tsufa, tana sauka da ƙwaryar fura a ka ranar kasuwa, tana hawowa da gishiri da kananzir. Ita ke jan ruwanta a rijiya, ita ke dakanta, ita ke yi wa awakinta ciyawa, alhali ta haura saba'in. Muka ce wahalar ta isa haka, ta zo ta huta. Ta bar awakin a hannun mutanen gida, ta rufe ɗakinta da kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zanenta, ta biyo mu.

Hutu kuwa mun ba ta iyakar iyawarmu. A wajenmu ba a barin babba da kaya a hannu. Da haka aka raine mu, da haka na raini nawa. In Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, wani ya riga ta. In tsintsiya ta taɓa, sai ka ji "kawo, Inna" daga ɗaki uku. Maigidana ya sayo mata kujera mai laushi ya ajiye a inuwar baranda. Gida huɗu ne tsakaninmu da inda za ta je barka, amma sai na tsayar mata da adaidaita sahu. Baƙi su zo su same ta a kujerar nan, fanka na kaɗa mata, su ce, "Kai, Malama, Allah ya yi miki albarka." Ni kuwa in amsa da amin mai ƙarfi.

Damina uku ta yi a kujerar. Ban lura da ranar da abin ya fara ba. Nafila ta fara yi a zaune, sannan farilla. Daga baya in za ta kewaya sai ta bi bango, ta dawo tana haki, kafaɗunta na hawa da sauka, sai ta zauna ta natsu kafin ta iya amsa sannu. Na ce tsufa ne, wa ya isa ya hana shi. Na ƙara mata matashi a kujerar.

Farkon damina ta huɗu Baffa ya zo. Ƙanin mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gidan gado a ƙauye. Ya sha ruwa, aka gaisa, aka tambayi kowa har awaki, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso inda ya nufa. Ɗansa zai yi aure in an gama girbi. Ɗakin Inna ya daɗe a rufe, gara ta fara cin azara. In dai ba komawa za ta yi ba, a ba da makulli a gyara wa amarya. Bai faɗa da mugunta ba, kuma yana da gaskiyarsa. Na dubi Inna. Hannunta dai na ga ya sauka a kan ƙullin bakin zanenta.

Ranar Asabar Yaya ya zo, ya ce ai magana ta ƙare, a aika da makulli. To, Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai ya zama dole. Yana zaune a gabanta, amma ni ta fuskanta.

"Ki faɗa wa mutumin Ɓaɓura, ɗakina zan koma."

"Inna, Allah ya ƙara miki lafiya," in ji Yaya, "daga nan zuwa ƙofar gida sai kin huta sau biyu. Wa zai hau da ke tudun nan? Goya ki za a yi?"

"Ki faɗa masa, in aka yi girbi ya kai ni gindin tsamiya. In na hau da ƙafata, ƙunshina a kaina, ya rabu da ni. In na kasa, da hannuna zan kwance makullin nan in ba shi."

Yaya ya yi murmushi ya ce ya yarda. Ni ma na yarda, don na tabbata ba za ta iya ba, kuma ba na so ta iya. Ina son in dawo daga makaranta in tarar da ita a gidana. Ba zan ɓoye wannan ba.

Asibitin ma da na kai ta a makon nan, ba tausayi kaɗai ya kai ni ba. Hakin yana ba ni tsoro, gaskiya ne, amma abin da nake nema shi ne likita ya ce zuciyarta ta gaji, in samu abin da zan rufe gardama da shi. Likitan ya auna jininta, ya saurari ƙirjinta, aka manna mata wayoyi aka ɗauki bugun zuciya, aka yi hoton ƙirji. Ya ce jininta ya ɗan hau, ya rubuta magani, amma huhu lafiya lau, zuciya ma a shekarunta ba laifi. Sai ya tura mu sashen gashin ƙashi. Na tafi ina gunaguni, don ban ga abin da ya haɗa haki da gashin ƙashi ba.

A can muka sami wata ma'aikaciya, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, gajeruwa mai kaurin hannu. A gaisuwa ta ce ita mutuniyar Gwiwa ce. Ta zaunar da Inna a kujerar katako, ta ce ta rungume hannuwa a ƙirji ta miƙe. Inna ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. A na uku sai da ta dafa bango. Matar ta tsuguna ta matsa cinyarta da sharaɓarta, fata ce kawai ta tattaru a hannunta.

"Mama, wane aiki kike yi a gida?"

"Tambayi Malama," in ji Inna.

Na gyara zama na ce, "Ba ta komai. Ko buta ba ma bari ta ɗauka."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

Ta ɗago ta dube ni. "To ai ga ciwon nan kin faɗa da bakinki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ake misali da ni a unguwa wajen riƙon uwa, wata ta tsaya a gaban uwar tawa ta ce ni na kwantar da ita? Na buɗe baki zan rama, amma ta riga ta juya wajen Inna.

"Mama, kin taɓa ganin an ɗora wa ramammen jaki mangala?"

"Na sha gani."

"Da shi da ƙosasshe, kaya iri ɗaya, hanya ɗaya, wa ya fi haki?"

"Ramammen mana."

"To haka ƙafafunki suka zama."

Ta yi mana bayani dalla-dalla, kuma duk da fushina na fahimta. Naman cinya da na sharaɓa da na baya su ne ke karɓar iskar da jini ya kawo su yi aiki da ita. In aka daina morar su sai su zube, taku goma ya zame musu gagarumin aiki, su yi ta neman ƙari, zuciya ta yi ta gudu, huhu ya yi ta ja. In kuwa suka yi ƙarfi, aikin da ke cinye su jiya yau cikin sauƙi za su yi shi, zuciya ta samu sarari. Ba ta yi mana alkawarin banza ba. Ta ce huhun tsohuwa ba zai koma na budurwa ba, kuma ƙarfin nama shi kaɗai ba ya isa sai an haɗa da tafiya. Amma tafiyar ba za ta yiwu ba sai an fara samo ƙafar da za ta yi ta.

Ta tsara mana kwana uku a mako, ana tsallake rana a tsakani. A tashi daga kujera a zauna, a hankali. A hau dakali a sauko. A ɗaga jarka mai rabin ruwa a ajiye. In za a ɗaga a fitar da numfashi, kada a riƙe shi, don riƙewar tana ta da jini. In ƙirji ya yi zafi ko jiri ya ɗebe ta, a tsaya nan take a dawo asibiti. Maganin likita kada a fasa, a kuma ƙara mata wake da nono da ƙwai. Kowane wata mu koma ta gani.

Kwana biyu kawai Inna ta yi, sai ta ce ta gama.

"In tashi in zauna, in tashi in zauna, ba baƙon da ya shigo, ba wanda ya yi sallama? In ɗaga ruwa in mayar inda na ɗauke shi? Wannan ai aikin masu taɓin hankali ne. In aiki ne a ba ni aiki."

A raina na ce shi ke nan, na kai ta asibiti, na sauke nauyi, ita ta ƙi. Mako guda na bar maganar haka nan, ina sane da abin da nake yi. Rannan da la'asar na fito daga madafa na hango ta ta ƙofar ɗakinta da ke buɗe. Ta idar da salla a ƙasa tana so ta tashi, ba ta san ina kallo ba. Rarrafe ta yi har jikin bango, ta kama gefen taga, ta ja jikinta sama, ta tsaya tana haki. Matar da na taso ina gani tana sauke damin gero daga kan jaki ita kaɗai. Da numfashinta ya dawo, sai ta kwance makullin nan, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar ta ƙulle. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na koma madafa na yi kukana, sannan na wuce ɗakin ajiya na ture buhunan gawayi.

Da na mirgino turmin tsakar gida, Inna ta leƙo ta ce, "Baƙi za a yi?" Na ce a'a, fura nake sha'awa irin ta gida, kuma ni ban iya ba. Ta san ƙarya nake yi, ai ita ta koya mini. Amma ta karɓi taɓaryar.

Washegari na koma wajen mutuniyar Gwiwa na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce daka ba laifi, zai taimaki hannu da kafaɗa da baya, a fara da taɓarya mara nauyi da gero kaɗan. Amma tudun ƙauyenmu ba da hannu za a hau shi ba, ƙafa ma sai an nema mata aikinta. Muka zauna ni da ita muka ƙulla dabara. Randar ruwan sha na ɗauke daga kusa da famfo na kai ta kan baranda mai matakala biyu, na sayo ƙaramin bokiti. Cika randa ya zama aikin Inna. Rariya da ƙwaryar gari kuma na riƙa ajiye su a saman katanga, yadda in ta zauna tankaɗe dole ta miƙe ta ɗauko. Inna ta gane sarai. "Wayo kike mini, Malama," ta ce. Amma tunda a ƙarshe akwai randa a cike da fura a ƙwarya, ta yarda aiki ne.

Tashi da zaman kujera kuwa, matar asibitin ce ta shawo kanta da muka koma. Ta ce, "Mama, in kin ɗago daga sujada za ki miƙe raka'a ta biyu, da wane nama kike tashi? Shi muke nema." Inna ta ce, "Da kin faɗa tun farko." Daga ranar ba a sake roƙon ta ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙarar taɓarya. A unguwarmu ta ma'aikata an manta rabon da a ji daka, don haka kwana biyu kowa ya san gidan da yake fitowa da hannun da ke yin sa. Hajiya maƙwabciyata ta shigo ta tarar da Inna na hawa baranda da bokiti, ni kuma ina zaune a tabarma ina duba littattafan ɗalibai. Ta yi salati, ta ruga za ta karɓa. Na ce, "Hajiya, bar mata kayanta." Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Malama, ki ji tsoron Allah. Uwa ce fa."

"Don uwa ce na bar mata," na ce. Na yi mata bayanin asibiti, ta saurara tana taɓe baki, ta fita ba ta gamsu ba. Kafin Juma'a maganar ta isa Ɓaɓura.

Yaya ya bugo waya, ko gaisuwa bai bari mun gama ba. An ce masa na mai da uwarmu 'yar aiki. Ana zancena a gidajen suna. In na gaji da ita ne in faɗa, ya zo ya ɗauke ta. Tun muna yara ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na ɗaga.

"Yaya, ni da kai muka kwantar da ita. Da ƙafarta ta sauko daga tudun nan, ko sanda ba ta riƙe ba. Shekara uku muna karɓe mata komai ana sa mana albarka, yau ga ta tana rarrafe. In za ka zo ka zo, amma bokitin nan ba mai karɓa."

Ya kashe wayar. Mako uku bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Maigidana dai bai sa baki ba. Ya ce a masallaci an yi masa shaguɓe sau biyu, amma furar da yake sha yanzu ta fi ƙarfin shaguɓe.

Surutun mutane bai wahalar da ni kamar hannuwana ba. In na ga ta sunkuya za ta ɗaga bokiti, kafin in yi tunani na riga na miƙe. Sai da na koma tura tafukan hannuna a ƙarƙashin cinya in zauna a kansu har ta gama.

Ba a tafi sumul ba. Makon farko jikinta ya yi tsami ta kwanta kwana biyu, tana cewa ni da 'yar Gwiwa mun haɗa baki za mu ƙarasa ta. Tafin hannunta da ya yi laushi ya yi bororo. Wata rana ta cika bokiti fiye da ƙa'ida, ta riƙe numfashi ta ɗaga, jiri ya ɗebe ta ta zauna daɓas a matakala. Muka je asibiti, aka duba ba komai, ta sha faɗa, ni ma na sha. Tsakiyar damina zazzaɓin sauro ya kwantar da ita kusan mako biyu, da ta tashi sai da muka koma rabin bokiti. A lokacin na ɗauka an gama. Ita kuwa cewa ta yi gero ma bai nuna ba tukuna.

Duk komawarmu asibiti matar takan ƙara abu kaɗan. Ta ce in aiki ya daina yi wa nama nauyi ya daina gina shi. Ƙaramin bokiti ya koma matsakaici, kujerar katako ta koma 'yar kujerar tsuguno, taɓarya mara nauyi ta koma tata ta ainihi. A ranakun da ba na daka ba kuma muka fara fita da yamma. Da farko ƙarshen layi mu dawo, sannan har masallacin unguwa. Daga baya muka kama hanyar da ke hawa wajen duwatsun bayan unguwarmu, kullum mu ƙara gida ɗaya ko biyu. Surutunta na fara lura da shi. Da can in tana tafiya ba ta magana, numfashin bai isa a raba shi biyu ba. Sai ga shi tana tafe tana ba ni labarin wanda ya auri wance a ƙauye tun kafin a haife ni, tana kushe gonakin mutane, wai wannan noman ma'aikata ne. A asibiti matar takan sa ta kai-komo a baranda, sannan ta kama wuyan hannunta tana duban agogo. A wata na huɗu ta ce mini, "Zo ki ji." Na ɗora yatsuna. Da can bugun kan daɗe yana sukuwa bayan ta zauna, yanzu kafin mu gama magana ya lafa.

Ranar da ta yi azahar a tsaye, raka'a huɗu cur, ta taga na gani. Da yamma dai tana dakan fura na ji taɓarya ta ɗauke, aka tafa hannu, sannan ta dira a turmi. Cilla ta sama ta yi ta cafe, irin na 'yanmatan da. Daga ranar na san tafiya za ta yi, kuma da hannuna na shirya mata hanya.

Da aka yanke gero aka ɗaure dammuna, Yaya ya zo da motarsa kamar yadda aka yi alkawari. Mun shirya da shi a waya, sama-sama. Na sa aka saka turmin da taɓaryar a bayan mota, na ce in ta zauna can ta yi amfani da su. Da hantsi muka isa gindin tsamiya. Inna ta fito, ta naɗe tsohon ɗankwali ta yi gammo. Ƙunshin kayanta na ƙasa, zannuwa ne da 'yan kwanoni da maganinta. Yaya ya sunkuya ya kama shi.

"Ki faɗa masa ya saki," in ji Inna.

Ya saki. Ta tsuguna, bayanta a miƙe yadda aka koya mata, na ji ta fitar da numfashi, ƙunshin ya hau kai. Ta kama hanya.

Ba sauri ta yi ba. Taku ɗaya-ɗaya take yi tana zaɓen inda za ta sa ƙafa a cikin tsakuwa, ni ina bin ta da jakar hannu, Yaya a baya da babbar riga. Wajen rabin hanya akwai wani faffaɗan dutse, ta sauke kaya ta zauna. Yaya ya dube ni. Ita ma ta ga kallon.

"Ki faɗa masa a dutsen nan nake hutawa tun ina amarya. Ba a ce kar a huta ba."

Na fi ta jin daɗin hutun nan, don ƙirjina kamar ana hura wuta. Shekarata hamsin da 'yan kai, aikina tsayuwa gaban allo da zama a adaidaita sahu, rabona da tudun nan tun ranar da muka sauko da ita. Yaya ya zauna yana share gumi da hula, ya ce takalminsa ne ke santsi. Ba mu gama dawowa daidai ba Inna ta miƙe daga kan dutsen, ba ta dafa komai ba, ta aza kayanta.

Sauran hanyar ta fi wuyar hawa. Ta yi haki, ba zan ce ba ta yi ba, amma bai hana ta magana ba. Matan da ke roron wake a gonakin gefen hanya suka gane ta, suka fara kwaɗa gaisuwa, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina yara, yaya aka ji da kaka. Ni ko "lafiya" ban iya fitarwa ba, hannu kawai nake ɗagawa. Gab da gida akwai inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar dutse tsirara, tsayinsa ya fi matakalar barandata biyu a haɗe. Ta ɗora ƙafar dama a kai, ta yunƙura, ta dawo. Yaya ya zabura zai tare ta, na riƙe hannun rigarsa. Ta tsaya ta ja numfashi sau uku, ta canza ƙafa, ta fitar da iska da ƙarfi, ta haye.

A ƙofar gida Baffa ya tarye mu, ya kasa rufe baki. Inna ta gaishe shi, ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakinta, ta sauke ƙunshi, ta kwance bakin zane. Kwaɗon ya yi tsatsa, makullin ya shiga ya ƙi juyawa. Baffa ya ce a kawo guduma. Ta ce a ba ta man gyaɗa. Ta ɗiga, ta jira, ta kama da hannu biyu ta murɗa, ya buɗe. Warin rufaffen ɗaki ya fito, ƙasar gara ta zubo a kan gado, saƙar gizo ta cika kusurwa. Ta tsaya a tsakiya tana duban sama, sannan ta ce wa Baffa azara biyu ce kawai ta lalace, amarya kuma a gina mata sabo, ga fili nan. Baffa ya ce to. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Daga baya ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Inna."

Akwai tsintsiya a jingine a waje. Na ɗauka na sunkuya zan fara shara, sai na lura ta tsaya a bayana tana kallona. Na juya na miƙa mata.

Da la'asar za mu tafi na ce bari in sa a hawo mata da turmin daga mota. Ta ce nata na nan a bayan rumbu, ba abin da ya same shi. Ta raka ni har inda hanya ta fara gangara, ta riƙe hannuna, ta matsa damtsena yadda matar asibiti ta matsa cinyarta.

"Tun daga tsamiya nake jin numfashinki a bayana, Malama. Ki koma da turmin nan. Kwana uku a mako, ki riƙa tsallake rana. Kada ki riƙe numfashi."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Yaya ya sauke ni a Kazaure da turmin. Na shiga gida na ga kujerar nan mai laushi a baranda da matasanta biyu, randa kuma a cike, don sai da ta cika ta kafin mu fita da safe. Na zauna a matakala na yi kuka sosai. Na yi kewarta tun ba a kwana ba, amma ban yi nadama ba, kuma har yau ban yi ba. Duk wata nakan hau tudun in kai mata magani, in same ta a bakin rijiya ko wajen awaki.

Kwana biyu da dawowarmu, da na taso daga makaranta, na auna gero na zuba a turmi. Ban kai bugu talatin ba kafaɗuna suka fara ciwo. Na tsaya ina haki, na ci gaba. Sai na ji muryar Hajiya ta kan katanga.

"Malama! Inna ce ta dawo?"

Sai da na samu numfashi na amsa mata.

"A'a, Hajiya. Ni ce."